Ƙarfe Bakwai da Minti Biyar

Laraba, 7 ga Mayu, ƙarfe biyar na yamma

An dakatar da Atuganile yau. Na rubuta ne don in ga ko maganar za ta zauna a kaina. Ba ta zauna ba.

Shekara goma sha ɗaya ana ce mini Mwalimu, wato malam, ina koyar da aikin lantarki da haɗa na'urori a kwalejin nan ta Mbeya, ban taɓa samun ɗaliba mai hannu irin nata ba. Tana jin ƙaurin waya tun kafin wayar ta ƙone. Saura kwana goma sha tara a fara jarrabawar ƙarshe.

Ga abin da aka ce. Ranar Litinin da ƙarfe takwas na safe, Mama Kyando, mataimakiyar shugaban kwaleji, ta shiga sito ta tarar an buɗe ambulan ɗin tambayoyin jarrabawa an sake manne shi. Ta ɗauke shi ba ta gaya wa kowa ba, ta je ta duba abin da kyamarar lungun sito ta ɗauka. Yau ta kira ni ta ajiye hoto a gabana. Dushi-dushi ne, amma Atu ce, hannunta a kan ƙofar sito. A ƙasan hoton ga fararen lambobi: ranar Litinin, 07:05.

Na ce, "Mama, ni na aike ta. Bayan abincin rana ne, naɗin waya ta ɗauko mini."

"To ina hoton bayan abincin ranar, Mwalimu Lusajo? Na duba, babu. Ko kyamarar ma ta tafi cin abinci ne?"

Na sake duban hoton.

Atu ba ta yi kuka ba. A bakin ƙofa ta ce mini, "Mwalimu, ƙarfe bakwai fa ina cikin motar haya, daladala, wata mata ta ɗora mini kwandon tumatir a cinya. In nemo matar ne?"

Kwamiti zai zauna ranar 23. In hoton ya tsaya, korarta za a yi, shekara uku sun tafi.

Alhamis, 8 ga Mayu, tsakar rana

Kujerarta ta gaba babu kowa. Sau biyu ina juyawa in miƙa mata alli.

Juma'a, 9 ga Mayu, ƙarfe huɗu

Na je na ga abin da ya rubuta lambobin nan.

A cikin wata kabad ta ƙarfe yake, bayan ɗakin kwamfuta, inda gizo-gizo ya daɗe da mallakewa. Sabar bidiyo ce, irin ta da, ɗan akwati da bai fi littafin addu'a ba. Kyamarorinmu tsofaffi ne, ba su san yaren kwamfuta ba, hoto kawai suke zubowa ta waya mai kauri kamar ruwa a famfo. Akwatin nan ne yake karɓa, ya fassara, ya buga kwanan wata da lokaci a jiki, ya aika wa kwamfutar ofishin Mama Kyando ta adana. Bakuna huɗu gare shi. Uku sun mutu tare da kyamarorinsu, ta lungun sito kaɗai ta rage.

Na share ƙura da hannun rigata, sai ga 'yar fitila kore tana ƙiftawa. Na daɗe a tsugune ina kallonsa. Shekara goma sha huɗu. An canza shugabanni uku, an rushe tsohon ɗakin cin abinci, yaran da suka zo da shi sun haifi nasu, shi kuwa yana cikin duhu yana aikin da aka ba shi, ba wanda ya taɓa ce masa sannu.

Lokacin da ke kan hoton daga cikinsa ya fito. In na shiga na ga agogonsa, zan san ko gaskiya ya faɗa. Matsalar ita ce ranar Talata aka kawo mana sabuwar na'urar raba intanet, aka sauya adireshin kowace kwamfuta. Shi nasa adireshin da hannu aka rubuta masa tun farko, ba ya canzawa. Yanzu yana nan a raye, amma ba wanda zai iya kiransa, kuma ba wanda ya san lambar.

Litinin, 12 ga Mayu, bayan darasi

Sanga ya same ni a gaban kabad. Shi ne malamin lissafi, shekara tara muna zama kusa da juna a ɗakin malamai, muna raba shayi da maandazi, fanken nan namu, kowace safiya.

"Farfesa, har yanzu kana nan kana yi wa gawa addu'a?"

"Ba gawa ba ce. Dubi idonta."

"Akwai ɗan rami a bayanta, ko? Ka soka allura ka danna, ta koma yadda ta fito daga kamfani, ka shiga ka huta. Ni da ba injiniya ba ma na san wannan."

Gaskiyarsa, haka ake yi. Haka nake koya wa yara. Amma in na danna, duk abin da aka saita a ciki zai goge, kuma ba ni da tabbacin agogon zai tsira. Shaidar da nake nema ita zan kashe da hannuna. Na gaya masa. Ya ɗaga kafaɗa ya ce in yi tunanin sunana, mutane sun fara cewa na cika damuwa da yarinyar nan.

Da na dawo gida na shimfiɗa taswirar duniya. In na aike ta wajen ƙarfe ɗaya, hoto ya ce bakwai, tazarar awa shida ke nan. Agogo ba ya zamewa awa shida don kansa. Batir ɗinsa bai mutu ba, don da ya mutu kwanan watan ma zai kauce duk sanda aka ɗauke wuta. Na ce ko lokacin ƙasar da aka ƙera shi ne. Turai ba ta kai haka ba. Gabas gaba suke da mu, ba baya ba. Na bi layi-layi da yatsa har na faɗa teku na fito a Brazil.

Matata ta leƙo ta ce, "Baban Gwamaka, tuwon ugali zai huce. In ka je Brazil ɗin ka gaishe su."

Talata, 13 ga Mayu, da safe

Fitilar kore tana nan.

Laraba, 14 ga Mayu, ƙarfe biyar da rabi

Yau na ji muryarta, na'urar nan ta cikin kabad!

Na zare wayarta daga cikin sauran, na haɗa ta kai tsaye da kwamfutata, mu biyu kawai. Ban kira ta ba tunda ban san lambar ba. Na buɗe manhajar da ke nuna duk abin da ya ratsa waya, na yi shiru ina saurare.

Minti ɗaya babu komai. Sai ga layi ɗaya ya fito. Bayan ɗan lokaci wani, iri ɗaya. Tambaya take yi. Tana neman tsohuwar na'urar raba intanet da aka cire, tana cewa: wa ke riƙe da lamba kaza? A gaya wa lamba kaza. Lambar ta biyun ita ce tata.

Kwana takwas tana wannan kira, dare da rana, cikin waya da ba mai amsawa. Ba ta gaji ba, ba ta canza murya ba. Na zauna a ƙasan siminti na tsinci kaina ina cewa, "Ga ni, ga ni."

Wannan darasi ne da zan ba kowane aji daga yau. In na'ura ta ɓace muku, kada ku yi mata ihu. Ku yi shiru, za ta faɗi sunanta da kanta. Na so a ce Atu tana wurin. Da ta riga ni ganin layin.

Alhamis, 15 ga Mayu, ƙarfe uku

Na sauya adireshin kwamfutata ya zama maƙwabcin nata, na ƙwanƙwasa. Ta amsa, amma ta ƙi buɗe shafinta. Manhajojin yau ba sa jin irin maganarta. Sai da na tono wata tsohuwar kwamfutar cinya mai karyayyen wuya a cikin tarkacen da muke ba yara su kwance, na jingina fuskarta da bulo. Tsohuwa da tsohuwa suka gane juna nan take. Shafi ya buɗe, launin toka, da gurbi biyu: suna da kalmar sirri.

Na gwada duk waɗanda kamfanoni kan saka. Na gwada sunan kwaleji. Na gwada ɗaya, biyu, uku, huɗu. Babu.

Wanda ya kafa ta Mzee, wato dattijo, Ambokile ne, tsohon mai gyaran lantarkinmu. Shekara uku da yin ritaya, ya koma gonarsa can bayan Tukuyu. Ba ya riƙe waya.

Juma'a, 16 ga Mayu, ƙarfe tara na safe

Na tarar da ƙofar kabad a buɗe. A ƙasa ga 'yar wayar maƙale takardu, an miƙe ta. Ramin yana ta jikin bango, hannu ba ya kaiwa sai an kwance sukurori. Ba a kwance ba.

Fitilar kore tana nan. Na sa kwaɗona.

Mutum ɗaya na yi wa maganar ramin. A'a, shi ya yi mini. Ba zan bi wannan tunanin ba.

Juma'a dai, da yamma

Na bi ta kasuwa na ga Atu a rumfar gwaggonta, tana sayar da ayaba da hannu ɗaya, ɗaya hannun a cikin rediyon wani dattijo.

"Mwalimu, an shiga?"

"An kai bakin ƙofa."

"Kada ka danna ramin nan fa."

"Ke za ki koya mini?"

"Kai ka koya mini. Ina maimaitawa ne don kada in manta kafin a kore ni."

Ta yi dariya, ni ban iya ba. Na tambaye ta ko tana karatu. Ta nuna mini littafinta a ƙarƙashin buhu, duk ya yi ɗanko da ruwan ayaba.

Asabar, 17 ga Mayu, ƙarfe shida na yamma

Na dawo daga Tukuyu. Ban san ta ina zan fara ba.

Ruwa aka yi tun daga hanya. Na sauka a mota na taka cikin gonakin shayi, na tarar da Mzee a ƙarƙashin rumfa yana gyara tocila. Na gaishe shi, na ce shikamoo, gaisuwar da muke yi wa manya. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Lusajo mai yawan tambaya. Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Baba. Akwatinka ne ya ƙi ni."

"Yana da hankali ke nan."

Aka kawo dafaffiyar ayaba da wake. Na ba shi labari duka, har da Brazil. Ya yi dariya har ya ƙware. Kalmar sirrin, ya ce, sunan saniyarsa ce ta wancan lokacin, Sekela. Ya nuna wata ja a bakin shinge ya ce ga jikarta can.

Na rubuta a tafin hannuna. Ina so in san ko zan sami motar tsakar rana, wayata kuma ta mutu, sai na leƙa agogon hannunsa. Ya nuna biyar.

"Baba, agogonka ya tsaya."

"Kai ne ka tsaya. Awa nawa da fitowar rana?"

"Biyar."

"In matarka ta tambaye ka ƙarfe nawa yanzu, me za ka ce mata?"

"Biyar."

"To don me zan ɗaura abin da zai ce mini sha ɗaya, sannan in zauna ina cire shida kamar ɗan aji biyu?"

Na ajiye ayabar da ke hannuna.

Duk ƙasar nan haka muke. Yini daga fitowar rana yake fara mana. Awa ɗaya bayan ta fito, bakinmu ya ce ɗaya, agogon bango ya ce bakwai. Ido ya karanta wani abu, baki ya faɗi wani, muna cirewa muna ƙarawa sau ɗari a yini ba mu ma san muna yi ba. Tun ina goye nake yi. Kuma ni, mai takardun shaida a jikin bango, na ratsa teku da yatsa ina neman awa shida da ke kwance a kan harshena.

"Baba," na ce, "akwatin fa?"

"Shi ma na koya masa gaskiya. Kowace Janairu nakan je in daidaita shi da wannan." Ya ɗaga hannu. "Ni kaɗai ke kallonsa a lokacin, wa zan yi wa lissafin Turawa?"

Da na gaya masa abin da lambobinsa suka jawo wa yarinyar, dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Ranar nawa ne zaman? Zan sa kwat ɗina."

Litinin, 19 ga Mayu, ƙarfe goma da kwata na safe

Sekela. Ƙofa ta buɗe.

Lungun sito ya fito a kan karyayyar kwamfuta, dogon ƙwan fitila yana ci kamar kullum. Babu taga a lungun, shi ya sa safiya da rana da dare duk fuska ɗaya gare su. A ƙasan hoton: 04:11. Agogon bango: goma da kwata.

Awa shida da minti huɗu. Shekara uku ba hannun da ya taɓa shi, minti huɗu kacal ya zame. Da ɗan batir mai faɗin kwabo! Na shiga shafin lokaci. Zaɓi uku ne: a ɗauka daga kwamfuta, a ɗauka daga intanet, ko a sa da hannu. An zaɓi na ukun. Ban taɓa komai ba. Na fita a hankali kamar mai barin ɗakin jariri.

Na kira Mama Kyando ta gani da idonta. Ta dubi allon, ta dubi bango, ta sake duban allon. Ta ce kwamfutar ofishinta an rufe ta sai ranar zama, ba ita kaɗai ke da iko ba. Amma ta faɗa mini abin da ban sani ba. Kyamarar sai an yi motsi take ɗauka, kuma a ranar Litinin ɗin guntaye uku ne a jere: 00:41, 01:58, sai 07:05. Biyun farko ba ta buɗe ba. Ta ɗauka zagayen maigadi ne da dare.

Talata, 20 ga Mayu, lokacin shayi

Sanga ya tambaye ni ko na shiga. Na ce na shiga. Bai tambayi abin da na gani ba. Maandazi ɗinsa ya bari a faranti.

Alhamis, 22 ga Mayu, da yamma

Sifili da arba'in da ɗaya, a ƙara shida da minti huɗu. Bakwai saura kwata na safe. Na yi lissafin sau goma, amsa ɗaya take fitowa. Mu nawa ne ke isowa kwaleji kafin bakwai?

Juma'a, 23 ga Mayu, ƙarfe huɗu

An yi.

Na kai karyayyar kwamfuta da bulonta ɗakin taro, na jawo doguwar waya daga kabad. Mzee ya zo da kwat ɗinsa mai warin kafur. Atu tana zaune a gefe da gwaggonta, hannayenta a matse tsakanin gwiwoyi.

Na yi bayani kamar a aji, wataƙila ma na wuce gona da iri, don shugaba ya ce, "Mwalimu, ba jarrabawa za mu rubuta ba." Sai Mzee ya miƙe ya kwance agogonsa, ya ajiye kusa da allon. Agogo ya ce uku da ashirin, allo ya ce uku da sha shida, bango ya ce tara da ashirin. Wani daga cikin 'yan kwamiti ya ce a hankali, "Kakana ma haka yake sa nasa."

Shugaba ya ce wannan na yau ne, wa ya san na ranar Litinin? Na roƙa a buɗe na 01:58.

Ƙofar lungu ta motsa. Wata mata ta shigo da jakar hannu da makullai, tana tafiya kamar mai zuwa kama ɓarawo. Mama Kyando ce.

Mzee ya ce, "Mama, me kike nema a makaranta ƙarfe biyun dare? Mijinki ya sani?"

Ɗakin ya fashe. Ita ma ta rufe baki da hannu tana dariya, sai dariyar ta juye. Ta ce, "Na nemi kaina a ƙarfe takwas ban gani ba, na ce ai tsohuwar na'ura ce, ba komai take kamawa ba." Ta tashi ta ratsa ɗakin har gaban Atu. Ban ji abin da ta faɗa mata ba. Na dai ga ta riƙe hannayenta biyu, kuma sai a lokacin Atu ta yi kukan da ta riƙe kwana goma sha shida.

Sannan aka buɗe na 00:41.

Hoton dushi-dushi ne. Amma na san rigar sanyin. Ina tare da Sanga ranar da ya saye ta.

Ba ni da abin da zan ƙara.

Asabar, 24 ga Mayu, tsakar rana

Ban san dalili ba. Ban tambaya ba. Kofinsa yana nan a kan shiryayye kusa da nawa, matata ta ce in bar shi, wani zai zo ya ɗauka.

Akwatin bai tsane shi ba, bai kuma so Atu ba. Abin da ya wuce ta gabansa ya riƙe, da lokacin da aka koya masa. Wannan ne ke ba ni tsoro, shi ne kuma ke sa in ji kamar in cire hula a gabansa.

Litinin, 26 ga Mayu, da safe

Sababbin tambayoyi, sabon ambulan, Mama Kyando ta kwana da shi a ƙarƙashin filo.

Ta ba ni umarni in gyara agogon akwatin ya bi na bango, in kuma ba shi sabon adireshi. Na ce za a yi, amma ba da hannuna ba. In Atu ta gama takardarta ta ƙarshe ita za ta yi, Mzee yana tsaye a kanta. Ya yarda, da sharaɗin a rubuta a jikin kabad cewa ba shi ya yi kuskure ba.

Na tsaya a bakin zauren jarrabawa. Atu ta zo da biro biyu da rula, idonta ja don karatu.

"Mwalimu, in aka tambayi yadda ake nemo na'urar da ta ɓace fa?"

"Me za ki ce?"

"A yi shiru."

Aka buga ƙararrawa ƙarfe takwas daidai, ta shiga, aka rufe ƙofa.

Na taka a hankali na zagaya bayan ɗakin kwamfuta, na buɗe kwaɗo. Fitilar kore tana nan. Na ɗaga fuskar karyayyar kwamfuta. Lungun babu kowa, a ƙasansa fararen lambobi: 02:00.

Na leƙa ta taga. Rana ta hau kan dutse, awa biyu da fitowarta.